Rauta Mai Ƙaho Huɗu

A duk karar shanun Birnin Gwari babu dillalin da ya kai Tasi'u baki. Ban ce ido ba fa, baki na ce. Idon ma yana da shi daidai gwargwado, don in ya zagaya saniya sau ɗaya, ya ɗaga wutsiya, ya buɗe baki ya leƙa haƙora, zai gaya maka shekarunta da abin da ta ci jiya. Inda matsalar take shi ne, Tasi'u ya ɗauka duk abin da ake sayarwa a duniyar nan da idon kara ake sayensa. Da wannan idon ya sayo wa matarsa Bara'atu keken ɗinki mai nauyin turmi wanda babu ƙoshiya a cikinsa. Da shi ya sayo rediyon da ba ya kama ko'ina sai wata tasha da ake zuba Faransanci. Har yau kuma in ka tambaye shi, cewa zai yi kayan ne ba su saba da gidan ba.

Wata Juma'a aka bugo waya daga Kaduna cewa Huseina ta sauka lafiya, an sami mace. Huseina ƙanwar Tasi'u ce, autar Iya, kuma wannan ce haihuwarta ta fari. Tagwaye Iya ta haife su, ita da Hassana, amma Hassana ta koma tun ba su yi arba'in ba, shi ya sa duk son da za a raba biyu ya taru a kan mutum ɗaya. Tun ciki na wata biyar Iya ta jibge itace a bayan ɗaki, ta tanadi kanwa da babbar tukunya, tana jiran 'yarta ta zo gida wanka. Sai hanya ta hana. Mijin Huseina, Abdulkahar, ya ce ba zai ɗora mace mai tsohon ciki a kan titin nan da ya ratsa daji ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Ita kuma Iya gwiwoyi sun daɗe da yi mata tawaye, daga ɗaki zuwa bakin murhu ma sai da sanda.

Da aka gama barka, Iya ta daɗe tana kallon tarin itacen nan, sannan ta ce, "Ni ba na neman komai. In dai ga kan yarinyar nan ranar suna kafin wanzami ya sauke sumar haihuwa. Ko a cikin gilashin nan naku ne."

To ga yadda zancen sabis yake a unguwar. Tsohon layin da kowa yake amfani da shi ya yi shiru wata da watanni, sai mutane suka koma wani sabon layi. Shi kuma sabon yana shigowa ne a sace. In ka hau turmi ka miƙa hannu sama za ka ji muryar mutum, amma hoto mai motsi sai ka je wani dutse da ke bayan gari ta wajen daji, wanda mutane suka laƙaba wa suna Ofis. Gidan Tasi'u suna da wata 'yar rauta, wato na'urar raba intanet, da tsohon kamfani ya sayar musu, amma a kulle take, ba ta karɓar sim ɗin kowa sai na masu ita. Yanzu Bara'atu danne murfin tukunya take yi da ita.

Tasi'u ya buga ƙirji har hularsa ta karkace.

"Iya, a kan gadonki za ki ga yarinyar nan. Ba dutse, ba turmi. Ni ne fa Tasi'u! Sabuwar rauta zan sayo, mai araha, mai ƙarfi, wadda in ta ja sabis sai mutanen Randagi sun ji iska ta ragu a wajensu."

Bara'atu tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. "Allah ya sa ba 'yar uwar keken ɗinki ba ce."

"Ke kuma bakinki bai taɓa faɗin alheri ba."

"Na faɗa ai. Allah ya sa, na ce."

Maƙwabcinsu Malam Edward, malamin firamare ne, katanga ɗaya ta raba su. Shi ma ya daɗe yana bincike a kan irin wannan na'ura, yana jiran ƙarshen wata ya sayi tasa. Da ya ji labari ya leƙo da 'yar takarda a hannu.

"Malam Tasi'u, ga shi na rubuta maka. Abu uku kawai za ka duba. Ta kasance ana sa mata sim. Ta kasance a buɗe, tana karɓar kowane layi. Sannan tana da batir a jikinta, don ka san halin wutarmu. Ƙarama ce, ba ta fi tafin hannu ba, kuma ba tsada."

Tasi'u ya karɓi takardar da yatsa biyu, ya ninke, ya cusa a aljihu. "Tica, na gode. Amma kai alli ka sani. Ciniki kuwa, bar wa masu shi."

Ranar kasuwa, ana gobe suna, ya sa babbar riga ya nufi rumfar Micah mai kayan wuta. Micah ya ji bayani, ya ɗauko wata 'yar farar na'ura sumul ya ajiye a kan tebur.

Tasi'u ya dube ta, ya dubi Micah, ya sake dubanta. "Wannan sabulun wanka ne ko me? Ina ƙahonta?"

"Ba ta da ƙaho, Alhaji. A ciki nata yake."

"Ƙaho a ciki! Yau na ji sabon salo."

Sai idonsa ya faɗa can ƙasan kanta, cikin tarkacen gwanjo. Wata baƙar na'ura ce shirgegiya, ta sha ƙura, da ƙaho huɗu a tsaye cirko-cirko. Gaban Tasi'u ya faɗi irin faɗuwar da yake yi in ya hango bijimin kirki a hannun wanda bai san darajarsa ba. Nan take ya kau da kai, ya hau yabon wata tocila, don dillalin ƙwarai ba ya nuna inda ransa yake. Can ya sa ƙafa ya ɗan taɓa ta kamar da wasa.

"Wannan tsohuwar fa?"

"A'a, Alhaji, wannan ba za ta yi maka ba," in ji Micah. "Ba ta cin sim. Igiya ake jona mata daga bango, irin ta manyan ofisoshi. Cikin kayan gwanjo ta zo min daga Kaduna. A garin nan ba ta da amfani ko kaɗan."

Tasi'u ya yi murmushin da ya nuna haƙorin goro. Shekara ashirin yana jin wannan waƙar a kara. Duk ran da ka ji mutum yana kushe dabba da bakinsa, yana cewa ai tana ɗingishi, ai ba ta cin dusa, to ka tabbata ya ajiye wa wani ne, ko shi kansa yake so. Ya sunkuya ya ɗauko ta, ya auna nauyinta a hannu, ya kifa ta ya duba ciki, ya ƙirga ramukan da ke bayanta kamar mai duba haƙora. Biyar cif, babu wanda ya faɗi.

"Wa ka ajiye wa?"

"Wallahi ban ajiye wa kowa ba. Ba ta yi ne kawai."

"Ka rantse da Hausa, to na ji. Sallama nawa?"

Micah ya yi bayani har sau uku, ya kira maƙwabcin rumfarsa ya zama shaida cewa ya faɗa. Duk kushewar da ya ƙara, sai Tasi'u ya ƙara rungume na'urar a ƙirji. Daga ƙarshe Micah ya gaji, ya sallama ta a arahar banza don dai a ba shi wuri. Tasi'u ya fito yana taku ɗai-ɗai, ƙahoni huɗu sun leƙo ta ƙarƙashin hammatarsa, duk wanda ya gamu da shi sai ya tsaya ya ba shi labarin yadda ya kayar da mai kanti a ciniki.

A bakin kasuwa ya haɗu da Jumare, Bafulatanin da ya saba kawo masa shanu. Jumare ya zagaya na'urar da ido, ya jinjina kai.

"Dillali, ƙaho dai ya yi. Amma ina nonon?"

"Gobe ka zo gida ka sha mamaki."

"Zan zo. Nono zan kawo wa Iya dama."

Da la'asar tsakar gidan Tasi'u ta cika. Wuta babu, kamar kullum, kuma baƙar na'urar ba ta da batir ko na rantsuwa, don haka aka ciyo kan Malam Edward ya ara batirin solarsa, aka zuro waya ta kan katanga. Malam Edward ya zo da kansa, ya ɗauki na'urar ya jujjuya, fuskarsa ta canza.

"Malam Tasi'u, ina takardar da na ba ka?"

"Tana aljihu, lafiyarta ƙalau."

"Wannan ba ta da wurin sa sim."

"Tica, dabba mai baki biyar ce za ka ce ba ta da wurin cin abinci?"

Ya zare sabon sim daga wayar Bara'atu, shi ke nan sim ɗin sabon layi da ke gidan, wanda aka cika da data saboda gobe. Ya gwada ramin farko, sim ya yi lilo ya faɗo. Ya gwada na biyu, haka. Har na biyar. Gumi ya fara tsattsafo masa, amma baki bai mutu ba. Can ya hango wasu 'yan tsagogi a gefe, na shan iska.

"Yauwa! Ga bakin nan, ɓoye shi suka yi saboda yara."

"Kada ka sa!" in ji Malam Edward.

Ina! Tuni Tasi'u ya karɓi tsinken tsintsiya ya tura. Sim ya shige, aka ji ƙaras a ciki. Ya ɗaga na'urar ya girgiza kusa da kunnensa, tana ƙaras-ƙaras kamar gwangwanin da aka jefa wa tsakuwa.

"Kun ji ko? Ta haɗiye. Lafiyayya ce."

Bara'atu ta dafe kai da hannu biyu. Malam Edward ya zauna a kan turmi ba tare da an ba shi wuri ba.

Aka jona wuta. Sai ga fitilu kore sun kama ƙyaftawa reras. Wata mata ta duba wayarta ta yi ihu, don alamar nan mai kama da mafici ta fito, ta cika fal har sama. Kowa ya zaro waya, kowa ya ga mafici a cike. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Tasi'u ya gyara wuyan riga, ya dubi Malam Edward ta wutsiyar ido.

"Tica, a rubuta wannan a allo gobe, yara su kwafa."

"Maficin yana nuna wayarka ta ga akwatin ne kawai," in ji Malam Edward a gajiye. "Shi akwatin bai ga kowa ba. Ku tura saƙo ku gani."

Aka tura. Saƙo ya tsaya cak, ɗan agogo na jujjuyawa a gefensa. Aka kira Huseina, waya ta yi tsit. Mata suka fara kallon juna.

Tasi'u ya ɗaga hannu. "Haba jama'a, ku yi wa baƙuwa adalci mana. Ko saniya ka kawo sabon gida, ranar farko riƙe nono take yi. Ku bar ta ta kwana, ta ji ƙanshin gidan. Gobe da hantsi kowa ya zo, har da maƙwabtan maƙwabta. A nan za a yi sunan Kaduna."

Iya tana jin su daga ɗaki. Ta kira shi, ya leƙa.

"Tasi'u, in abin nan ba zai yi ba ka gaya min tun yanzu, in san yadda zan yi da raina."

Ya kamata a ce nan ne ya sauke kai. Amma mutanen tsakar gida suna jin sa, shi kuwa Tasi'u gara masa zazzaɓin mako guda da a ji ya ce ban sani ba. "Iya, ki dai sa sabon zanenki. Yarinya za ta ga kakarta fes."

Washegari tun da sassafe aka shimfiɗa tabarmi, Bara'atu ta dama koko ta aika aka sayo ƙosai, aka raba goro. Iya ta yi wanka, ta ɗaura zanen da ta ajiye don ranar, ta sa kwalli, ta zauna a bakin gado ta ɗora hannuwa a cinya. An riga an yi da Abdulkahar cewa wanzami zai zo da hantsi, kuma mutum ne mai gidaje da yawa, ba ya jira.

Baƙuwa ta kwana, ta ji ƙanshin gida, amma nono shiru. Mafici a cike, saƙo a tsaye.

"Tsayi take so," in ji Tasi'u. "Mai ƙaho irin wannan ba ta son ƙasƙanci."

Ya ɗora ta a kan katanga. Shiru. Ya hau da ita kan rufin kwano, ƙafarsa ta burma ta saman madafa, ƙura da tsatsa suka zubo cikin sauran kokon. Bara'atu ta leƙo ta ga ƙafar mijinta na reto a saman tukunya.

"Maigida, in ka gama da rufin, akwai sauran ɗaki biyu."

"Ki riƙe min tsani, ba surutu na tambaye ki ba!"

Ya sauko da wando a yage, ya sa aka kawo gora biyu dogaye aka ɗaure su baki da baki, aka ƙara wa wayar wuta tsawo da guntaye-guntaye, har da ta tsohon rediyon Faransanci. Ya ɗaure na'urar a ƙarshen gora da igiyar shanu, maza huɗu suka taya shi ɗagawa. Sai ga baƙar aba mai ƙaho huɗu ta miƙe sama da duk rufin unguwar, tana lilo, tana ƙyafta koren ido ta fuskar daji.

To a garin da mutane suke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ba a ɗaga irin wannan abu sama a zauna lafiya. Kafin ka ce kwabo, wata mata a can ƙarshen layi ta hango ta kwashe 'ya'yanta ta kulle ƙofa. Mai shayi ya bar tukunya a wuta. Labari ya zaga cewa an ga na'urar da ake yi wa mutanen daji ishara da ita. Ba a jima ba sai ga Bakoji, shugaban 'yan sintirin unguwa, da mutum shida a bayansa, kowa da gora a hannu, ga mai unguwa yana biye yana haki.

"Wane ne mai wannan abin?" in ji Bakoji daga bakin zaure.

Mazan da ke riƙe da gorar na'urar suka saki a tare. Gora ta yi tangaɗi, ta yi waje, ta yi ciki, ta taho gaba ɗaya ta rafka a kan igiyar shanya, na'urar ta faɗo tsakiyar tiren ƙosai. Ƙaho ɗaya ya karye ya yi tsalle ya faɗa gaban mai unguwa.

Bakoji ya nuna ta da gora daga nesa. "Tasi'u, da wa kake magana a daji?"

"Ni? Daji? Wallahi tallahi ko da Kaduna ban samu na yi magana ba!"

"To me take yi a sama tana ƙyafta ido?"

"Sabis take jawowa."

"Ta jawo?"

Tasi'u ya waiga. Ya dubi Malam Edward irin kallon da mai nutsewa yake yi wa na bakin rafi. Malam Edward ya taso ya yi wa mai unguwa bayani tiryan-tiryan, ya ce wannan akwati ko shekara zai yi a sama ba zai iya yi wa kowa ishara ba, don kurma ne kuma bebe in ba a jona masa igiyar ofis ba. Ana cikin haka sai ga Micah, shi ma ya biyo taron, ya kutso kai.

"Ranka ya daɗe, sau uku na gaya masa ba ta cin sim. Ina da shaida. Cewa ya yi na ajiye wa wani ne."

Dariya ta ɓarke tun daga tsakar gida har waje. 'Yan sintiri suka jingina da bango suna riƙe ciki. Mai unguwa ya ɗauki karyayyen ƙahon ya miƙa wa Tasi'u da hannu biyu, ya ce a ajiye, kada la'ada ta ɓata.

Ana wannan dariya sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Iya ce ta fito bakin ƙofa cikin sabon zanenta. Ba ta dubi na'urar ba, ba ta dubi taron ba. Rana ta duba, wadda ta riga ta hau saman katanga.

"Hantsi ya yi," ta ce a hankali. "Shi ke nan. Allah ya raya ta."

Ta juya za ta koma ɗaki. Dariyar nan ta ɗauke ɗif. Tunda Tasi'u yake bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba kunyar taron ba ce.

Jumare, wanda tun ɗazu yake tsugune a gefe da ƙwaryar nono, ya miƙe. "Wanzami ba ya fara aski sai ya sha koko ya wasa aska. In aka tashi yanzu, Ofis ba nisa. Ni na san daidai inda yake kamawa, gindin ɗorawar nan ta sama. Ina sim ɗin?"

Kowa ya dubi baƙar na'urar da ke kwance cikin ƙosai.

Bara'atu ta miƙe. Ta shiga madafa ta fito da taɓarya. Ta jawo na'urar tsakiyar fili da ƙafa, ta gyara ɗaurin zane.

Tasi'u ya zabura. "Ke, tsaya, a bi ta a hankali, ana iya sayar da..."

Tim! Tim! A bugu na uku ciki ya fashe, sim ya yi tsalle ya faɗo. Ta ɗauka ta hure, ta goge da gefen mayafi, ta mayar cikin wayarta. Waɗanda suka ga fuskarta sun ce tun ranar bikinta ba su ga ta yi haske haka ba.

Babur ya kai Iya gindin dutse, daga nan kuwa babu hanya sai ta ƙafa. Aka tsaya ana shawara, wani ya ce a kawo kujera a ɗauka, wani ya ce ba za ta bi ta matsatsin ba. Tasi'u ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Micah, ya durƙusa a gaban uwarsa ya ba ta baya.

"Hau, Iya."

Bara'atu ta kwance mayafinta ta ɗaure su tamau kamar goyo. Haka aka kama hawa: Jumare a gaba da sandarsa, Tasi'u da Iya a baya, sai Bakoji da mutanensa suna gadi hagu da dama, sai matan unguwa da sauran ƙosai, sai Malam Edward yana ta gwada kira. Iya ba ta da jiki, amma dutse dutse ne. Tun a rabi numfashin Tasi'u ya koma kamar zugazugin maƙera. Duk wanda suka wuce a hanya sai ya ce, "Dillali, sannu da kaya," shi kuwa ko amsawa ba ya iyawa.

A gindin ɗorawa ya yunƙura zai sauke ta, Jumare ya tare shi.

"Kul! A zaune ba ya kamawa. Sai waya ta wuce kan mutum. Yadda take a bayanka ɗin nan, daidai ke nan. Matsa hagu. Kaɗan. Ɗan ɗaga ƙafar nan kan dutsen. Yauwa, kada ka motsa."

Aka miƙa wa Iya waya. Ta yi ƙara sau biyu, sai ga fuskar Huseina ta cika gilashin.

"Iya! Iya, tun ɗazu muke nema! Wanzami ya ƙi jira, ya fara!"

"Ce masa ya ɗaga askar nan! Nuna min ita!"

Hoto ya yi rawa, ya daidaita. Ga jaririya a cinyar wata dattijuwa, ta yamutse fuska tana tsala kuka, rabin kanta an aske tas, ɗaya rabin kuwa baƙar suma ce kwance luf har goshi.

"Juyo min da wajen da ya rage," in ji Iya.

Aka juyo. Iya ta kawo wayar daf da idonta. Matan da ke bayanta suka daina taunar ƙosai.

"Sumar Hassana ce," ta ce. "Haka ta zo da ita, har goshi."

Tasi'u ya ji wani abu mai ɗumi yana ɗiga a bayan wuyansa, yana gangarawa cikin singileti. Ƙafar da ke kan dutse ta mutu, amma ya cije ya tsaya. Muryar Abdulkahar ta shigo tana cewa an raɗa suna tun da safe, Iya aka yi wa takwara. Guɗa ta tashi a kan dutse, wata ta amsa daga cikin waya. Iya ta shiga addu'a. Ta yi wa jaririya, ta yi wa uwarta, ta yi wa uban, ta yi wa wanzami, ta yi wa hanya Allah ya buɗe ta, ta koma kan jaririya ta sake sabon zubi. Tasi'u yana amsa amin ta tsakanin haƙora.

Can Huseina ta share ido ta ce, "Wai Iya, ina kike haka? Sama kawai nake gani a bayanki da ganyen ɗorawa. Ba Yaya Tasi'u ya ce a kan gado za ki kalle mu ba?"

Iya ta gyara zama a bayan ɗanta, ta dafa kansa da hannu ɗaya.

"Kan sabuwar rautar nake. Wannan ba ta da ƙaho, sai baki. Amma tana kamawa."

Tasi'u ya ɗago kai zai kare kansa, hoto ya fara yankewa. Iya ta sakar masa ranƙwashi a tsakar ka.

"Tsaya cak! Shekara biyu na goya ka ban ce na gaji ba. Huseina, ɗago min ita in ga ƙafafun."

Ya mayar da kai, ya rufe bakinsa, hoto ya dawo.